Likita ya ce a motsa jiki, amma ta wace hanya za a bi a Kademi?

Duk wanda aka taɓa auna masa jini a asibiti aka ce ya hau, ko aka ce sukarin jikinsa ya yi yawa, ya san jawabin da ke biyo baya. A rage gishiri, a rage maiƙo, a sha magani a kan lokaci, sannan a riƙa motsa jiki. Ukun farko mutum yana iya komawa gida ya faɗa wa uwargida, a gyara tukunya, a ajiye ƙwayoyi kusa da buta. Na huɗun shi ne yake mutuwa tun a bakin ƙofar asibiti. Magidanci ya hau mota daga Gaya ya sauka a Kademi, ya dubi gari, babu filin wasa mai shinge, babu ɗakin motsa jiki, sai ya ɗauka wannan shawara ta mutanen birni ce. Ra'ayina shi ne laifin yana ga shawarar, domin an ba da rabinta an bar rabi. Wanda aka ce ya yi tattaki ko sassarfa ba a nuna masa inda zai bi ba, da wuya ya kai mako biyu yana yi.

Na san amsar da za a fara ba ni: ai mu manoma ne, fartanya ta ishe mu motsa jiki. Gaskiya ne ga wanda yake duƙe a gona daga shuka zuwa girbi. Amma a duba waɗanda suke cika layin awon jini. Akwai mai shago da ke wuni a kan benci, da tela, da malamin makaranta, da direba, da dattijon da ya miƙa wa 'ya'yansa gona, da kuma matan da ba su cika fita ba. Babur kuma ya cinye 'yar tafiyar da ta rage, har masallacin Juma'a da kasuwa a kansa ake zuwa. Shi kansa manomin, idan bai da fadama, daga ƙarshen kaka zuwa faɗuwar ruwa yawanci zaman majalisa yake yi.

Abin da ake nema ba shi da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani kamar gudu. Mafi ƙarancinsa ke nan rabin sa'a sau biyar a mako. Mai tafiya da sauri yana cin kusan kilomita ɗaya a minti 12, saboda haka hanyar da muke nema ba ta wuce kilomita biyu da rabi ba, zuwa da dawowa. Ma'aunin saurin kuma yana bakinka: idan kana iya magana da abokin tafiya amma numfashi ba zai bar ka ka ja doguwar hira ba tare da tsayawa ba, ka kai inda ake so.

A Ingila masu sassarfa suna yawan bin gefen hanyoyin ruwan da aka haƙa tun ƙarni na 18 da na 19. Dawakai ne suke jan jiragen kaya daga bakin ruwan a wancan zamani, sai turbar da suka bari ta zama wurin tafiyar mutane, shimfiɗaɗɗiya, babu mota. Mu ma a jihar Kano muna da makamancin haka. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yana bin manyan hanyoyin ruwa na noman rani ta ƙasar Bunkure da Garun Malam da Kura, kuma a gefensu akwai turbar da manoma ke bi. Mutumin can ya samu hanyarsa a shirye, da sharaɗi guda: ya bi gefen ruwan, kada ya shiga cikinsa don wanke ƙafa ko shan sanyi. Irin wannan ruwa mai tafiya a hankali gidan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ne, cutar da ke sa fitsarin jini, kuma ta fata ƙwayarta take shiga, ba sai an sha ruwan ba. Wannan gargaɗi ya hau kan kududdufai da tafkunan damina na ƙasar Gaya da Ajingi ma.

Mutumin Kademi kuwa abin da yake da shi ya fi haka yawa, sai dai bai saba kallonsa da wannan ido ba. Akwai turbar gona da ke fita daga kowace kusurwar gari. Akwai burtali. Akwai hanyar ƙafa da ke haɗa gari da ƙauyukan kewaye, da filin ƙwallon makaranta, da filin idi da ke zaune babu kowa a cikinsa in ban da kwana biyu a shekara. Abin mamaki, wanda ya ɗaura niyya sai ka gan shi ya nufi bakin kwalta, domin nan ya ga ana gudu a talabijin. A ganina nan ce hanya mafi muni. Gefen titi ba shi da faɗi, manyan motoci suna gudu da asuba, babura da yawa ba su da fitilar kirki, ga hayaƙi, ga taurin kwalta ga gwiwar mai shekaru da ƙiba. Ƙasa mai ɗan laushi ta fi sauƙi ga gaɓoɓi. Yashi mai zurfi kuma yana gajiyar da sabon shiga kafin ya yi nisa, don haka a nemi turbar da ƙafa ta riga ta daddaɓe.

Hanya ɗaya ba za ta kai mutum shekara ba, kuma nan ne mutane da yawa suke yankewa. Da damina turbar gona takan matse, gero da dawa su rufe ta, ciyawa ta ɓoye abin da ke ƙasa, kwari ya cika da taɓo. Lokacin filin makaranta ke nan, ko jigawar da ruwa ba ya kwanciya, ko da zagaye goma za a yi. Da kaka hanyoyi suna cike da amalanke da masu ɗaukar amfani, garken shanu kuma sun fara saukowa, saboda haka burtali na masu shi ne, a ba su wuri, a kuma yi nesa da ruga saboda karnuka. Bayan an kwashe amfanin gona ne ƙasa take buɗewa, mutum ya hango nesa, ya zaɓi inda ya ga dama, ya dai kula da tushiyar kara da ƙarangiya. Hunturu yana da daɗin tafiya, amma ranar da hazo ya yi kauri mai asma da mai ciwon zuciya su haƙura, ko su jira rana ta ɗaga ƙura ta lafa. Bazara ce mai haɗari. A watannin Maris zuwa Mayu zafi a wannan yanki yana kai maki 40 har ya wuce, kuma babu wani amfanin da gudun rana tsaka zai kawo wanda ya kai haɗarinsa. A fita bayan sallar asuba da zarar gari ya waye, a dawo kafin hantsi, a sha ruwa kafin fita da bayan dawowa. Mai azumi ya mayar da tafiyarsa bayan buɗa baki, a cikin gari inda akwai haske.

Na ce da zarar gari ya waye, kuma da gangan na faɗa. Kububuwa da kasa da dare suke yawo, kuma ba sa gudu idan sun ji sawu, kwanciya suke yi a taka su. Kada a bi turbar gona cikin duhu da silifa. Idan tsautsayi ya gitta, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A hana ƙafar motsi, a ɗauki mutum zuwa babban asibiti nan take, ba tare da an tsaya gwada maganin gida ba.

Mai ciwon suga yana da nasa ƙarin. Ciwon yana kashe jin ƙafa a hankali, har ƙaya ta shiga mutum bai sani ba sai ta zama gyambo. Ya sa kambas da safa, ya zazzage takalmin kafin ya sa, ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu duk ranar da ya dawo. Idan yana allurar insulin ko shan ƙwayoyin da ke saukar da suga, ya riƙe dabino ko alewa a aljihu saboda jiri da rawar jiki. Wanda jininsa ya hau sosai bai sauka ba tukuna, tafiya zai fara da ita, gudu sai ma'aikacin lafiya ya amince. Ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashin da ya ƙi dawowa bayan an tsaya, duk alamun a koma asibiti ne a ranar.

Saura abin da ya fi maciji hana mutane fita, wato bakin jama'a. Magidanci mai furfura ya fito yana sassarfa a bayan gari, kafin ya dawo an tambaye shi sau biyar ko lafiya, wani ma ya tsaya da babur zai rage masa hanya. Maganin wannan a wajena shi ne a ba tafiyar dalili. A ajiye babur a taka zuwa gona mai nisa, ko zuwa gaishe da ɗan'uwa a ƙauyen da ke kusa, ko a haɗu mutum biyu ko uku daga masallaci ɗaya a fita tare, wanda kuma ya fi aminci. Ga mata lamarin ya fi tsauri, kuma a nan magidanta nake wa magana. Matar da likita ya ce ta motsa jiki magani aka rubuta mata. Zagayen tsakar gida na rabin sa'a yana shiga lissafi, haka ma ziyarar 'yan'uwa a ƙafa tare da abokiyar zama ko maƙwabciya, in an daina kiran mai babur don tafiyar da ba ta kai kilomita ba.

Ga malaman asibitocinmu na Gaya da Ajingi kuma ina da roƙo. Bayan kun ce a motsa jiki, ku ƙara minti ɗaya ku tambayi majiyyaci a wace unguwa yake, wace hanya ce ta fi kusa da gidansa, da wa zai tafi, kuma ina zai koma idan damina ta rufe ta. Ku rubuta sunan hanyar a katinsa kusa da sunan maganin. Ranar da ya dawo awon jini, ku tambaye shi sau nawa ya bi ta a wannan makon.