FILIN MATA: MECE CE "JAMBOREE"?

Yau wata kalmar Ingilishi za mu duba, watau jamboree, ana faɗinta "jambori". 'Yan makaranta suna cin karo da ita a jaridu, wasu har sukan liƙa ta ga kowane taron murna. To, ku yi hankali, fuska uku gare ta.

Mutanen Amurka suka fara faɗinta, wajen shekarun 1860. Ma'anarta a lokacin ita ce sharholiya: a ci, a sha, a yi ta ihu. A 1920 sai Baden-Powell, wanda ya kafa ƙungiyar Sikawut, ya are ta ya raɗa wa babban taronsu na Landan, inda yara wajen 8,000 suka hallara daga ƙasashe 34. Nan ta sami ma'ana ta biyu, mai mutunci. Jaridun Nijeriya kuwa sukan yi amfani da ita da ma'ana ta uku. In suka ce taron hukuma ya zama jamboree, zargi ne, watau an kashe kuɗin jama'a ba a ƙulla kome ba.

Saboda haka, yarinya, in malama ta ce ki ba da labarin hawan Salla a Gaya da Turanci, kada ki kira shi da wannan suna, kalmarsa durbar. Auren yayarki kuma wedding ne. Mu ma ai mun bambanta biki da shagali da sharholiya. Biki zumunci ne, shagali jin daɗi, sharholiya kuwa ba mai son a jingina ta ga gidansu.

Ku kuma iyaye, ga taku. In kaka ta yi, aure yakan yawaita a Gaya da Ajingi da ƙauyukansu. Wata uwar takan sa a sayar da gero da gyaɗa, ta kwashi adashi, ta ci bashi, don kawai a ce bikin 'yarta ya fi na maƙwabta. Kafin damina ta yi nisa rumbu ya ƙare, sai awo da tsada, kuɗin littafin yara babu. Wannan ita ce jambori irin ta jarida.

A yi kamu, a yi wuni, a kai amarya da guɗa, amma daidai ruwa daidai tsaki.

Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya, amin.