Yaye Yara Ko Tatsar Iyaye?

Ku yi mini afuwa, yau babu ci gaban labari, wani takaici ne ya hana ni riƙe biro.

Yuli ta kama, zango na uku ya zo ƙarshe. Yarana huɗu, tun asuba ina tsaye: wannan bitar jarrabawa, wancan ya yar da takalmi, Abbansu yana kasuwa sai dare. Duk wannan na saba. Abin da ya ɓata mini rai takardar da Auta ta kawo ce: kuɗin fati, kuɗin anko, hayar riga da hula, kuɗin hoto. Jama'a, yarinya 'yar shekara 5 da ba ta iya rubuta sunanta ba, me ta gama da za a yaye ta kamar mai digiri?

Kuma a tsakiyar damina, hatsi ya yi tsada, ga kuɗin makarantar Satumba yana jira. Wanda ubansa bai biya ba sai ya raɓe a gefe yana hawaye. Wannan tarbiyya ce?

A 2025 gwamnatin jihar Imo ta hana bikin yaye 'yan nazare. Mu me muke jira?

Amma mu iyaye mata mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu ke hura wutar, don kada a ce wance ta fi mu. Ni dai ban biya ba, littattafai na saya mata. Ranar taron iyaye da malamai kuma bakina ba zai yi shiru ba.

Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.