Shekara Guda Muna Aron Littattafan Almara: Ina Aljanun Garinmu?



Bara war haka, mu 'yan tsiraru a nan Dawakin Kudu muka yi wa kanmu alƙawarin shafe shekara guda muna karanta littattafan almara, irin masu aljanu da sadaukai da sihiri. Duk wanda zai shiga birni a cikinmu, shi ne zai biya laburare ya aro, mu karanta karɓa-karɓa, ya mayar kafin wa'adi. Abin da babu a laburare mukan nemo shi a shagon hayar littattafai. Shekara ta zagayo, ga abin da muka taho da shi: mafi yawan almarar da muke rubutawa a yau ba ta da gida, kuma laifinmu ne.

Da tsofaffin muka fara. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara duk sun fito ne daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933. Abin da ya ba mu mamaki shi ne inda suka kafa ƙafa. A Kwantagora aka buɗe labarin Ruwan Bagaja kafin Alhaji Imam ya shiga duniya. Shi ma Ganɗoki sai da ya gwabza da Turawan mulkin mallaka a ƙasarmu, sannan ya kai ga yaƙar aljanu. Mai karatu yana yarda da aljanin ne domin ya riga ya yarda da garin da aka taso daga cikinsa.

Da muka zo kan littattafan yaƙi na zamaninmu, mun sha daɗi, ba za mu ɓoye ba. Marubuta irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini sun sa samari da yawa son karatun Hausa, kuma sun cancanci yabo. Kukanmu yana kanmu ne, mu masu tasowa da muke kwaikwayo ido rufe. Ka buɗe rubutun da muke tura wa juna: birni Kisra ko Misra, jarumi mai sunan Larabawa, boka a kogon dutse, gimbiya a hasumiya. Ba wanda ke noma, ba wanda ke cin tuwo, ba ka sanin rani ake ko damina. Mun aro rigar Dare Dubu da Ɗaya, mun manta ba a jikinmu aka gwada ta ba.

Alhali ga kaya a ƙofar gidanmu. A tarihin Kano an ba da labarin Santolo, garin da ya gagari sarakunan Kano saboda tsafinsa, har zamanin Sarki Yaji, lokacin da Wangarawa suka zo daga Mali, aka haɗa addu'a da yaƙi aka ci shi. Ga Barbushe da Tsumburbura a Dala. Ga marinar Kura, wadda baƙin yadinta ya ratsa Sahara har ya zama rawanin Buzaye. Wa ya hana mu gina duniya a kan waɗannan?

Kuma ba tarihi kaɗai ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a shekarun 1970, rayuwar Kura da Bunkure da Kadawa ta rataya a kan ruwan da ke bin magudanai. Manomin da gonarsa ke ƙarshen layi ya san zafin jiran ruwa shinkafarsa na yaushi, na gaba da shi kuwa sun sha sun ƙoshi. Mai tumatir ya san yadda kwando ke zama asara a Kwanar Gafan ranar da kaya suka yi yawa. To, a ce aljana ce ke riƙe da makullin ruwan, kuma ba ta buɗewa sai an biya ta da abin da ya fi kuɗi ciwo. Wa zai biya? Wa zai ci amanar maƙwabcinsa? Wannan labari kowa a nan zai ji shi a jikinsa. Kada mu manta, shi ma Alhaji Imam ruwa ya fita nema.

Mun san za a ce masu karatu Kisra suke so. Amma an taɓa ba su Santolo da aka rubuta da kyau suka ƙi? Tomi Adeyemi ta ɗauki al'adun Yarbawa ta rubuta Children of Blood and Bone a 2018, duniya ta saya. Wasu kuma za su ce taɓa tsafin kakanni hatsari ne ga imani. Wannan damuwa ce ta gaskiya, ba ma raina ta. Sai dai bokan Misra da muke rubutawa kullum bai fi na Santolo tsarki ba. Abin dubawa shi ne inda labarin ya dosa da darasin da ya bari, ba sunan garin ba. Muna zargin cewa abin da ke kai mu nesa shi ne sauƙi: idan ka yi kuskure a kan Kisra ba mai kama ka, amma ka yi shi a kan Tamburawa, kakarka ma za ta gyara maka.

Saboda haka ga aikin wannan mako, har da mu masu maganar. Kowa ya rubuta shafi ɗaya na almara da ke faruwa a wurin da zai iya zuwa da ƙafa daga gidansu. Ya nemi dattijo ɗaya ya tambaye shi wace kuka ce ko wace rijiya aka hana su zuwa suna yara, da dalilin hanin. Sannan ya sa wa sihirin labarinsa farashi, domin abin da aka samu a banza ba ya riƙe mai karatu.

Wanda kuma yake riƙe da littafin laburare, don Allah ya mayar, wani na jira. Allah Ya ƙara mana basira.