Wai Mu Rufe Ƙofa Mu Ci Namu

Akwai wata magana da ta sami gindin zama a bakin waɗansu masu ilmin zamani, har talakawa sun fara ɗauka. Suna cewa wai Allah ya wadata Nijeriya da kome, saboda haka ba ta bukatar ciniki da kowa: a rufe iyaka, mu noma abin da za mu ci, mu ci abin da muka noma. Maganar tana da daɗin ji, balle in an faɗe ta a ɗakin taro bayan an ƙoshi. Ni kuwa na ce ba ta da tushe, kuma ba zan wahalar da mai karatu zuwa Ingila ko Amurka neman shaida ba. Mu tafi ƙasar Yawuri kawai.

Masu wannan ra'ayi sukan ce haka kakanninmu suka zauna, ba ruwansu da kowa. Wane kakan? Tun kafin Bature ya san hanyar Kwara, ayarin fatake ke sauka a Yawuri. Sukan taso daga Kano da kanwa da tufafi, su ƙetare kogi, su bi ta Bargu har Gwanja, su komo da goro. Sarki ya sami fito, mai jirgi ya sami ladansa, mai tuwo ta sayar. Da a ce an toshe hanyar nan, da ko goron ɗaurin aure ba a samu ba, gama ba ya yi a ƙasarmu.

To, bar zancen dā. Je ka kasuwar kifi ta Yelwa, ko ka gangara Wara ta ƙasar Ngaski, ka dubi jirgin masunci da kyau. Katakon namu ne, hannun da ya sassaƙa shi namu ne. Amma injin da ke bayansa fa? Yawancinsu Yamaha ne, daga Japan. Ka wuce fadamun Shanga wurin masu noman rani, ka tambayi mai shinkafa ko mai albasa asalin injin da yake ban ruwa da shi, zai ce maka na Sin ne. Takin zamani kuwa, ko da a nan aka gauraya shi aka zuba a buhu, fosfat ɗin da ke ciki daga Maroko ake kawo shi, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a 2016. Ashe shinkafar nan da muke kira 'yar gida, da hannun baƙi a cikinta tun tana gona.

Shi kansa tafkin haka yake. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968. Kamfanin Italiya ya yi aikin, da bashin Bankin Duniya da na waɗansu ƙasashe. Mutanenmu ma sun biya nasu kason, kuma mai tsada: fiye da mutum 40,000 aka tayar, Gungawa suka bar tsibiran kakanninsu, tsohuwar Busa ta nutse. Amma duk wannan hasara ba za ta haifar da wuta ko ta ƙwai ɗaya ba in ba da injunan da aka sayo daga ƙetare ba.

Kada wani ya ce ai ba a gwada ba. An gwada. A zamaninmu ne: cikin Nuwamba 2015 Shugaba Buhari ya zo Birnin Kabi ya buɗe shirin ba manoman shinkafa rance, a watan Agusta 2019 kuma aka rufe iyakokin ƙasa na tudu. Ban musa ba, manomi ya ga kuɗin shanshera ya tashi, an kuma kafa injunan casa, wannan abin yabo ne. Sai dai manomin nan ba shinkafa kaɗai yake ci ba. Abin da ya samu a kwando ya zube masa a faifai, domin kome na kasuwa ya tashi tare. Mai albasa da ya saba kai kaya Benin da Gana ya tsaya yana kallonta tana ruɓewa. Aka hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, sai ka ce mutanen can ba 'yan ƙasa ba ne. 'Yan sumoga kuwa kakarsu ta yanke saƙa, gama kogi da daji ba su da ƙofa. A Disamba 2020 aka fara buɗewa. A Yuli 2024, da tsada ta kai intaha, gwamnati da kanta ta yi shelar ɗage harajin shigo da shinkafa da masara da alkama na kwana 150. Wanda ya so ganin ƙarshen wannan hanya, ya tambayi labarin yunwar da ta auka wa Koriya ta Arewa bayan 1991, sa'ad da Tarayyar Sobiyat ta rushe, mai da taki suka yanke mata.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi damuna. Kwara ba a ƙasarmu ta tsiro ba. Daga duwatsun Gini ta taso, ta ratsa Mali da Nijar, ta goga gefen Benin, kana ta faɗo mana. Kowane masunci ya san ruwa sau biyu yake cika: na damina, da wanda ke isowa cikin hunturu, lokacin da ko ɗigo ba ya sauka a nan. Wannan na biyu ruwan saman Gini ne, ya yi watanni a hanya. Shekaru da yawa muna sayar wa Nijar wutar lantarki, manyanmu kuma ba su ɓoye dalili ba: don kada su tare mana kogi daga sama. A Agusta 2023, bayan juyin mulkin can, muka yanke musu wutar, ba a mayar ba sai Maris 2024. Muka koya musu da hannunmu cewa dogara da maƙwabci hatsari ne. Su kuwa tun 2008 suka aza harsashin tasu madatsar a Kandaji, sama da Yamai, a kan wannan kogi da Yelwa da Wara ke sha.