Palet: katakon da aka raina, buhunan da ake asara

Duk wanda ya taɓa shiga mangazar hatsi a Maradi ko Damagaram bayan damina ya san wannan wari. Buhunan da ke can ƙasa sun sha danshi, gara ta huda su, geron talaka ya yi hunhuna. Maganin wannan ɓarna ba ya bukatar taron ministoci. Ɗan dandamali ne na katako da ƴan kasuwa ke kira palet, wanda ake jera buhuna bisa kansa domin su rabu da ƙasa, iska ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashi.

Turawa ba su raina shi ba. Tun 1961 kamfanonin jirgin ƙasa na Turai suka daidaita kan awo guda: santimita 120 a tsawo, 80 a faɗi. Nauyinsa kamar kilo 25 ne, amma yana ɗaukar tan ɗaya da rabi, kuma babbar tirela takan ci guda 33. Injin ɗaga kaya ya zura hannuwansa ƙarƙashi, cikin ɗan lokaci an gama lodin da zai ci wa majiya ƙarfi wuni guda. A Nijar kuwa, ƙasar da kayanta ke tafiyar ɗaruruwan kilomita daga bakin teku, sau da yawa palet ɗin da ya rako kaya yakan ƙare a hannun kafinta ya zama benci, ko a murhu.

Masu cewa inji zai raba ƴan dako da abincinsu suna da hujja, kuma bai kamata a toshe kunne ba. Sai dai a tuna cewa tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55. Buhu mai kilo 100 da ake aza wa matashi a ka, wa zai biya kuɗin ƙashin bayansa idan ya tsufa? Ballantana ajiye hatsi bisa palet ba ya bukatar inji ko ɗaya.

Ya kamata hukumomin kasuwanci su wajabta shi a duk mangazar da ake ajiye abincin jama'a, kuma a ba kafintocin gida kwangilar ƙera shi bisa awo guda kafin damina mai zuwa.