"Doka Ce" Ba Ta Wanke Azzalumi

Duk lokacin da aka taso da zancen bauta a Amurka, sai ka ji wani ya ce: "Ai zamaninsu ne, kuma doka ce, kada a auna su da mudun yau." Wannan magana ƙarya ce aka naɗa wa rawani. Mutanen wancan zamani sun san zalunci ne. Da kowa ya yarda da bauta, me zai sa gwamnati ta tsoratar da jama'a da kurkuku don kada su buɗe wa wanda ya gudo ƙofa?

Mu dubi dokar kama bayin da suka tsere ta 1850. Duk wanda ya ɓoye bawa ko ya taimaka masa ya gudu, ana iya cin sa tarar da ta kai dala 1,000, da ɗaurin wata shida. Wanda aka kamo ba a ba shi damar ba da shaida don kare kansa. Jami'in da ke yanke hukunci kuwa, dala 10 ake biyansa in ya miƙa mutum ga mai da'awa, dala 5 in ya sake shi. Cin hanci ke nan, gwamnati ta rubuta shi da hannunta.

Duk da haka an samu waɗanda suka ƙi. A 1844 aka kama Jonathan Walker a teku yana ƙoƙarin tsallakar da bayi bakwai zuwa Bahamas. A Pensacola da ke Florida aka ɗora masa jan ƙarfe a tafin hannu, aka yi masa tambarin harufa biyu masu nufin "ɓarawon bayi". Charles Torrey, malamin coci, ya mutu da tarin fuka a kurkukun Maryland a 1846. Calvin Fairbank ya shafe shekara 17 a kurkukun Kentucky. A 1848 aka ci Thomas Garrett tara mai nauyi a Delaware, bai fasa ba. Samuel Green, baƙar fata mai 'yanci, an yanke masa shekara goma a 1857 don an samu littafin Uncle Tom's Cabin a gidansa.

Masu bayi sun ce dukiyarsu ake sacewa. To, wanda ya tsere da ƙafafunsa me ya sata? Kansa? Ɓarawo na gaskiya shi ne wanda ya mallake ɗan Adam ya sayar da 'ya'yansa a kasuwa.

Walker da Torrey a zamanin suka rayu, dokar ƙasa ɗaya ke kansu da masu bayi. Su ne shaidar da ke ƙaryata uzurin "zamaninsu ne". Don haka in wani ya kare mugunta da cewa doka ce, tambaye shi: wa ya rubuta ta, wa take ciyarwa, kuma wa take ɗaurewa?