Zaɓen Runduna A Wasan Yaƙin Tebur: Kowa Da Kiwon Da Ya Karɓe Shi

Akwai wani wasa da ya yi ƙarfi a ƙasashen Turai da Amurka, musamman ma a Ingila, wanda za mu iya kira wasan yaƙin tebur. Mutum biyu ne ke karawa, kowa da rundunarsa ta 'yan sojojin roba ko na ƙarfe, waɗanda tsawon kowannensu bai wuce rabin ɗan yatsa ba. Akan jera su a kan babban tebur da aka shirya kamar fagen fama, ga duwatsu, ga itatuwa, ga kangayen gidaje. Da rula ake auna nisan da soja zai iya tafiya, sa'an nan a jefa ɗan lido mai fuska shida don a san ko harbinsa ya samu ko ya kuskure. Ba a sa kuɗi kamar caca. Abin da ake gwadawa shi ne dabara da hangen nesa, kamar dai darar da muka sani.

Wasan yana da asali. A shekarar 1824 wani hafsan soja mai suna von Reisswitz, a Prussia, ɗaya daga cikin daulolin Jamus na da, ya buga dokokin wani wasan yaƙi da mahaifinsa ya fara ƙirƙirowa, har rundunar ƙasar ta karɓe shi don horar da hafsoshi. A 1913 marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya fitar da littafinsa mai suna Little Wars, wanda ya mai da abin wasan farar hula. A 1975 aka kafa kamfanin Games Workshop a Landan, wanda daga baya ya koma birnin Nottingham. Shi ne ya fito da wasan Warhammer a 1983, da kuma Warhammer 40,000 a 1987, wanda labarinsa na yaƙe-yaƙen sararin samaniya ne a wani zamani mai nisa da aka ƙaga. Ban da waɗannan akwai wasannin tarihi, inda ake sake buga yaƙe-yaƙen da aka yi da gaske.

To, duk wanda zai shiga wannan wasa, tambayar farko da ke jiransa ita ce, wace runduna zai tara? A Warhammer 40,000 kaɗai akwai rundunoni fiye da ashirin. Da yawa daga cikin sababbin shiga sukan tambayi abu ɗaya ne kawai, watau wacce ce ta fi cin gasa yanzu? A nawa ra'ayin wannan tambaya ce ta 'yan a bi Yarima a sha kiɗa. Abin da ya kamata mutum ya zaɓa shi ne rundunar da sifarta da labarinta suka kwanta masa a rai, wadda kuma aljihunsa da haƙurinsa za su iya ɗauka, ko da kuwa ita ce ke shan kashi a bana. Ga dalilaina.

Da farko dai, ƙarfin runduna ba abu ne mai ɗorewa ba, domin kuwa a takarda yake, kuma kamfani ne ke riƙe da alƙalamin. An sake dokokin Warhammer 40,000 gaba ɗaya a 2017, aka sake a 2020, aka kuma sake a 2023. Tsakanin waɗannan ma, duk bayan 'yan watanni akan yi gyare-gyare, a rage wa mai ƙarfi, a ƙara wa mai rauni. Lokacin da dokokin 2023 suka fito, rundunar da ake kira Aeldari ta addabi kowa a gasa, amma ba a yi nisa ba kamfanin ya rage mata ƙarfi. Haka kuma a 2022, sabuwar rundunar Leagues of Votann ta fito da ƙarfin da ya wuce kima, 'yan wasa suka yi ta gunaguni, sai aka dakushe ta tun kafin yawancin masu saye su gama haɗa nasu sojojin. Yanzu ku duba halin wanda ya zuba kuɗinsa don kawai an ce runduna kaza ce zakara. Kafin fenti ya bushe an sauya doka, ya zauna da tarin robar da tun farko ba ya so. Kwaɗayi mabuɗin wahala ke nan. Shi kuwa wanda ya saya don so, sauyin doka bai raba shi da komai ba, sai dai in kiɗa ya sauya ya sauya rawa.

Na biyu, wanda bai san wasan ba zai zaci a tebur ake ɓata yawancin lokaci, alhali kuwa ba haka ba ne. Sojojin nan ba a haɗe suke zuwa ba. Gunduwa-gunduwa suke zuwa a manne da firam ɗin roba mai launin toka. Sai mutum ya yanke kai da hannu da bindiga, ya kankare, ya liƙa da gam, sa'an nan ya ɗauki buroshi mai siririn baki ya shafa fenti, launi bayan launi, har zuwa maɓallin riga da ƙwayar ido. Wasa ɗaya yakan ci kamar awa uku, amma fentin runduna guda yakan ci watanni, wani ma shekara. Saboda haka wanda ya zaɓi runduna ya zaɓi abin da zai zura wa ido dare da rana. In launinta da sifarta ba su burge shi ba, lalle zai gaji a soja na goma, ya tura sauran ƙarƙashin gado. Mu da muke makarantar kwana mun san darajar lokaci, tun da daga aji sai firef, daga firef sai aikin gida da wasanni. Wanda ba shi da sarari sai hutun ƙarshen zango bai kamata ya kashe shi a kan abin da zuciyarsa ba ta so ba.

Na uku shi ne aljihu, kuma a nan ne ya kamata so ya yi shawara da hankali. A babbar gasa kowane ɗan wasa yakan zo da runduna mai maki 2,000, kuma kowane soja da makin da aka yanka masa gwargwadon ƙarfinsa. Rundunoni irin su Orks da Tyranids da Astra Militarum da yawa suke taƙama, mutum yana iya jera soja fiye da ɗari kafin makinsa ya cika. Amma Adeptus Custodes 'yan kaɗan ne masu tsadar maki, su kuwa Imperial Knights manyan injinan yaƙi ne da galibi ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Soja ɗari kuwa kuɗin ɗari ne, fentin ɗari, da wahalar ɗari. Ga shi kayan daga waje ake kawo su, da fam ko dala ake yi musu kuɗi, ga kuma kuɗin aikowa. Daidai ruwa daidai tsaki. Wanda ya ga yana son babbar runduna amma ƙarfinsa bai kai ba, sai ya fara da ƙaramin wasa irin Kill Team, inda soja wajen goma sun isa. Kafin ma ya sayi ko ɗaya, zai iya yanka kwali ko ya tara marafan kwalba, ya rubuta sunan kowane soja a kai, ya gwada salon yaƙin rundunar da abokinsa. Wata runduna daga nesa take harbi, wata sai ta rufa da gudu a yi gaba da gaba, wata kuwa sai sunƙuru da zillewa. Mai gaggawa ba zai ji daɗin rundunar da ke bukatar a zauna a jira ba.

Na huɗu, kowace runduna tana da labarinta, kuma wanda ya tara ta zai karanta labarin nan, ya riƙa ba da shi, har a san shi da shi. A cikin rundunonin Warhammer akwai waɗanda aka gina labarinsu a kan bautar aljanu da gumaka, su ne ake kira Chaos. Na san ƙage ne kawai, kuma ba na cewa duk mai wasa da su mutumin banza ne. Amma ni dai ba zan yi wata shida ina ƙawata abin da zan ji kunyar bayyana wa mahaifina ma'anarsa ba, ko da kuwa ita ce ke lashe kowace gasa. Wannan ma awo ne da ya kamata mutum ya yi tun kafin ya kwance bakin jakarsa.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa wanda kullum ake cinye shi zai karaya ya bar wasan. Gaskiya ne shan kashi ba daɗi. Amma sabon shiga zai sha kashi ko wace runduna ya riƙe, domin bai san inda zai ɓoye sojansa ba, bai san lokacin kai hari da na ja da baya ba. Abin da ke kawo nasara shi ne daɗewa da runduna ɗaya har mutum ya san ta ciki da waje, ba kuwa mai daɗewa da abin da ba ya so. Waɗansu kuma sukan ce kowane sabo ya fara da Space Marines, tun da sun fi sauƙin fenti kuma kamfanin ya fi kula da su. Wannan shawara ce mai kyau ga wanda suka burge shi. Amma in kowa ya bi ta, sai a wayi gari tebur ya cika da runduna iri ɗaya tana yaƙar kanta. Abin da ya wajaba abokai su daidaita a kai shi ne irin wasan da za su yi, don kada wani ya tara sojan da ba shi da abokin karawa. Zaɓen runduna kuwa a bar wa kowa nasa.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce, kamfani yana iya yin watsi da rundunar da mutum ke so. Wannan ya taɓa faruwa. A 2015 aka rufe tsohon wasan Warhammer aka kawo Age of Sigmar, daga nan aka daina sayar da mahayan Bretonnia da rundunar Tomb Kings. Amma ku duba abin da ya biyo baya. Masu son su ba su zubar ba, suka ci gaba da wasa da tsofaffin dokoki, har a 2024 kamfanin ya dawo da rundunonin biyu a wasan The Old World. Da don cin gasa suka tara su, da tuni sun sayar.

Masu wasannin tarihi su ne suka fi nuna gaskiyar abin da nake faɗa. Kowa ya san an ci Napoleon a Waterloo a 1815, amma har gobe ana tara sojojinsa na Faransa ana yi musu fenti. Kowa ya san Ingila ce ta ci yaƙin Zulu na 1879, amma masu tara mayaƙan Zulu ba su ƙare ba, suna tuna yadda suka karya rundunar Ingila a Isandlwana. Ni ma in aka ba ni zaɓi, a nan zan tsaya. Zan tara Ansar, mayaƙan Mahadi na Sudan, waɗanda kamfanin Perry Miniatures na Ingila ke yin su da roba. Su ne suka hallaka rundunar Hicks Pasha a 1883, suka ci Khartoum a 1885, sa'an nan Kitchener ya karya su da bindigogi masu aman wuta a Omdurman a 1898. Na san a tebur ma mashi da takobi za su sha wuya a gaban bindiga. Amma ina son jibbarsu fara mai faci launi-launi, da tutocinsu baƙa da kore da ja, da mahayansu masu sulke da lifidi irin waɗanda muke gani a hawan salla. Kuma labarin Sudan bai yi nisa da namu ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a suka yi gabas, suka zauna a bakin kogin Nilu, a garin da har yanzu ake kira Mai Wurno. Runduna irin wannan, kowane soja na shafa wa fenti zai tura ni in buɗe littafin tarihi.

Daga ƙarshe, shawarata ga duk wanda wannan wasa ya ba sha'awa ita ce, kada ya fara da tambayar wa ke ci. Ya dubi hotunan rundunonin a tsanake, ya karanta labarinsu, ya ƙirga abin da ke aljihunsa da lokacin da karatu ya bar masa, ya gwada da kwali, sa'an nan ya sayi akwati ɗaya tak, kada ya ƙara wani sai ya gama fentinsa. Sannu ba ta hana zuwa. In abokinsa ya zo yana yi masa dariya wai ya ɗauki rundunar da ba ta cin gasa, sai ya tuna masa cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma dokar bana ba ita ce ta baɗi ba. Allah ya sa mu dace, amin.